Yadda za a koya wa ƴan makaranta kiwon lafiya har ya bi su gida

Tambaya daga wani direktan makarantar firamare a gefen birnin Damagaram: "Darasin tsafta yana cikin jadawalinmu. Yara suna haddacewa, suna cin maki, amma zawo da fitsarin jini suna nan yadda suke, kuma bana mun kama ƴan CM2 (ajin ƙarshe na firamare) biyu da tramol a aljihu. Ba mu da famfo, ruwan ƴan garuwa muke saye. Ta ina za mu ɓullo wa abin?"

Malam direkta, sannu da ƙoƙari. Abin da kake gani ba taurin kan yara ne ya kawo shi ba. Darasin lafiya in ya tsaya a allo da kaye, maki kawai yake haifarwa. Yaro zai iya rero maka lokutan wanke hannu da faransanci ba gargada, ya fita hutun ƙarfe goma ya zura hannu cikin robar awara, saboda tsakanin salga da ƙofar makaranta babu ko ɗigon ruwa, kuma bai taɓa ganin mushensa ya wanke nasa ba. Don haka duk malamin da zai shiga aji da irin wannan darasi, ya fara tambayar kansa: wane abu guda nake so yaron nan ya yi da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa gobe, kuma kayan yinsa suna nan? In amsar ita ce "ya san illar ƙazanta", darasin bai nuna ba tukuna. In kuwa ita ce "ya cuɗa hannu da kumfa kafin ya ci ƙosai", an kama hanya.

Sannan ku rage bin jerin littafi, ku bi shekara. Cututtukan ƙasar nan kowace da lokacinta. Ana komawa makaranta a Oktoba masassarar sauro ba ta sauka ba, tafkuna cike. Hunturu ya zo da ƙura da tari da gobara, sanƙarau ya biyo baya har cikin bazara. Zafin Afrilu da Mayu ya kawo ƙarancin ruwa da zawo da ciwon ido. Darasin sanƙarau a watan Oktoba iska ce ke kwashe shi, amma a Janairu, lokacin da ake maganarsa a rediyo da bakin masallaci, yaro zai kai shi gida da kansa.

Mu fara da ruwa, tunda a Damagaram shi ne uwar matsala. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda layin bido yake tsawo in bazara ta kama. Makarantar da ke sayen ruwa ba za ta iya wankin hannu da buta ana kwararawa ba. Abin da ya dace da ita shi ne bidon da ake takawa. A samu bido mai lita 5, a gasa ƙusa a wuta, a yi masa huda ɗaya ƴar ƙarama a kafaɗa, kamar faɗin yatsu huɗu ƙasa da murfi. A kafa gwafa biyu, taku ɗaya tsakaninsu, a zura sanda ta hannun bidon a gitta ta bisa gwafannin, ya rataya daidai ƙirjin yaro. A ɗaura igiya a wuyan bidon, ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a kan wata sanda da gindinta ke ƙasa. Yaro ya taka sandar, bido ya sunkuya, ruwa ya tsiyayo siriri, ba wanda ya taɓa komai. A ƙarƙashinsa a haƙa rami kamu ɗaya a cika shi da tsakuwa.

Inda aka saba faɗuwa ga shi. Huda ta yi faɗi, ruwa ya ƙare rabin aji bai wanke ba. An murɗe murfi tam, iska ba ta shiga, ruwa ya ƙi fita. A sassauta shi ko a yi wata ƴar huda a sama. An kafa shi a tsakiyar rana, roba ta bushe ta tsage. Gara ta cinye gwafa. An manta tsakuwa, wurin ya zama caɓi, yara suka guje shi. Sabulun sanda kuwa ba ya kwana a makaranta, ko akuya ta ci ko ya bi wani gida. Maganin wannan shi ne ruwan omo: giram 30, kimanin babban cokali uku, a cikin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin, a rataye kusa da bido. Ba mai sace shi, kuma yana wanke hannu kamar sabulu. Ranar da babu ko wannan, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Cuɗawar ta kai daƙiƙa 20, har bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a bar hannu ya bushe a iska, kada a goge a wando.

Ka yi lissafin ruwan a takarda. Aji mai yara 60, wanki biyu a yini, a ware wa kowane wanki rubu'in lita don a yi hannu sake: lita 30 ke nan, bido mai lita 20 ɗaya da rabi. Wannan adadi za ka kai wa CGDES, wato kwamitin kula da makaranta, da kuɗinsa na wata, domin iyaye sun fi saurin buɗe aljihu in an ce "bido tara a yini" (na aji shida ke nan) a kan in an ce "ku taimaka da tsafta".

Darasin kansa minti ashirin ya isa. Shafa wa yaro ɗaya man gyaɗa kaɗan da garin gawayi a tafi, ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, har ƙarshen layi, sannan kowa ya ɗaga hannu. Za su ga baƙin ya kai ga wanda bai taɓa yaron farko ba. Sai biyu su fito, ɗaya ya wanke da ruwa kawai, ɗaya da kumfa, a kwatanta. Gani ya kori ji. Don ruwan sha kuma, kawo kofi biyu na ruwa garau, ɗaya ka narkar da gishiri a ciki tun a ofis. Su zaɓi mai kyau da ido, su kasa, sai wani ya ɗanɗana. Daga nan ka nuna musu randar aji da moɗa ɗaya da hannu sittin ke tsomawa. Ruwan da ya zo da tsabta daga famfo sau da yawa a nan yake lalacewa. A rufe randa, a rataya ludayi mai dogon hannu, kowa ya zuba a kofinsa. In ana shakkar ruwan garuwa, a sa Aquatabs, maganin tsabtace ruwan sha: wanda aka saba sayarwa don gida ƙwaya ɗaya ce ga lita 20 na ruwa mai haske, a jira minti 30, amma a duba kwali don girmansu ya bambanta. Ruwa mai laka a tace shi da ƙyalle ya kwanta tukuna.

Masu sayar da abinci a bakin ƙofa kada ku kore su. In kun kora, bayan katanga za su koma, yara su bi su da dala biyar ɗinsu. A kira su zama ɗaya, a yi sharaɗi: a rufe abinci, a ɗiba da cokali, hannun da ke karɓar kuɗi kada ya shiga roba, kuma a kafa bido ɗaya kusa da su.

Masassarar sauro tana da wani gurbi da ya shafi ɗalibanka kai tsaye. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida wata-wata da damina na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, kuma kyautar magani a likita tun 2006 ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce. Ɗan makaranta ya wuce duka biyun. In gidan sauro bai isa ba, uwa da jariri ake ba, shi ya kwana a tabarma a tsakar gida. In ya yi zazzaɓi, a saya masa ƙwaya biyu wajen mai tallar magani. To shi za a koya wa ya nema wa kansa.

Mafi ƙarfin darasi a nan kwalba ce. A tura yara biyu da malami su ɗebo ruwa a kududdufi ko ramin masu bulo, da ƴan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki. A zuba a kwalba mai haske zuwa rabi, a ɗaure bakin da ƙyallen tsohon sange, a ajiye a inuwa cikin aji. Su lura: tsutsar sauron da ke kawo masassara kwance take a miƙe daf da saman ruwa, ta sauron kwata kuwa a rataye take kai ƙasa. Cikin kwanaki kaɗan za su ga sauro ya fito ya maƙale a ƙyallen. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar kwana goma ne zuwa sati biyu. Yaron da ya ga wannan da idonsa, da wuya a sake gamsar da shi cewa ɗanyen nono ko sabon hatsi ne ke kawo masassara. Ba sai malami ya ƙaryata kakar kowa a gaban aji ba, kwalbar ta isa.

Abin da za su riƙe kaɗan ne. Zazzaɓi ya zo, a je a yi gwajin jini na yatsa a ranar, kada a kwana biyu ana jira. Farasitamol yana sauke zafin jiki amma ba ya kashe ƙwayar cutar. In an ba da Coartem, maganin masassarar sauro, sau biyu a yini ne har kwana uku, sha shida cif, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono, kuma ba a ajiye saura don ƙane. Sabon sange a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga, a wanke shi da sabulu a hankali ba da jabel ba, a busar a inuwa, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Ku ware rana ɗaya kowa ya zo da allura da zare, a koyi ɗinke huda a kan tsohon sange, maza da mata.

Fitsarin jini da ka ambata tsargiya ce, kuma in ka ce masu ita su ɗaga hannu ba za ka samu gaskiya ba: wasu kunya, wasu kuma sun ɗauka alamar girma ce ko zafin rana. Sa ƙwarya a rufe a bayan ƙofa, kowane yaro ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa in ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa cikin watan nan, ko ƙwayar wake in bai gani ba. Ka ƙirga, ka kai wa majon CSI, wato shugaban ƙaramar likitar unguwa. Yadda cutar ke zagayawa ya kamata kowane ɗan CE2 (aji huɗu) ya iya zana shi: mai ciwon ya yi fitsari a tafki, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga ƙaramin katantanwa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki, ya girma cikin jijiyoyin mafitsara ya yi shekaru yana zuba ƙwai. Ta fata take shiga, don haka ko wanda bai sha ruwan ba yana kamuwa. Ƴan mata masu wanki ma suna ɗauka, kuma tana iya taɓa musu mahaifa daga baya.

Cewa yaro kada ya shiga tafki, ka faɗa, amma kada ka dogara da shi. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya yi fitsari a ruwa, kuma a nan malamin addini ya fi kowa tasiri, tunda hadisi ingantacce ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ruwan tafki in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu, abin da ke huda fata ya mutu, ana iya wanka da shi. Ranar rabon maganin tsargiya kuwa, nan makarantu da yawa ke zubar da amanar iyaye. Ana auna yawan ƙwayoyin da tsawon yaro a jikin sanda, kuma ba a shan sa da yunwa. Yaron da ya sha ciki wayam zai iya yin jiri da ciwon ciki da amai, musamman mai tsutsa da yawa. Ɗaya ya yi amai a hanya, kafin la'asar labari ya gama unguwa, washegari rabin aji ba su zo ba. A sanar da iyaye kwana biyu kafin ranar, a gaya musu abin da ka iya faruwa da cewa yana wucewa, kowa ya karya kumallo ko a dama koko a makaranta, a riƙe yara awa ɗaya ko biyu bayan sha.

Da sanyi ya shigo, in kana da azuzuwan zana, atisayen gobara ya riga komai. A 2021 gobarar irin waɗannan azuzuwa ta kashe yara kimanin 20 a Yamai cikin Afrilu, ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi cikin Nuwamba. Kowace rumfa ta samu mafita biyu, a bar tazara tsakanin rumfuna, murhun masu tuya ya yi nisa, a gwada fita cikin layi har ya zama jiki, ƙananan aji su fi kusa da fili. Wanda wuta ta kama wa riga kada ya ruga, ya faɗi ya yi birgima. Ƙuna ruwa mai tsabta ake zuba mata na tsawon minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba tawada ba.

Sanƙarau kuma kada a yi wa yara alkawarin da ba haka ba. Wanke hannu ba shi ne katangarsa ba. Ta numfashi da tari yake yaɗuwa, cunkoso da ƙura suna taimaka masa. Allurar da aka fara a 2010 ta karya nau'in A, amma akwai wasu nau'o'in. Tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, mafi yawan masu ciwon a Dungas, kusan dukkansu ƴan ƙasa da shekara 20, kuma nau'in C ne ya fi yawa. Abin koyarwa shi ne gane shi da gaggawa: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya sanƙare har haɓa ba ta iya taɓa ƙirji. Yana iya kisa cikin yini ɗaya, wanda ya tsira a makare kuma yana iya kurmancewa. Likita a ranar, ko da dare ne. A buɗe tagogi ko ana sanyi, kuma in an zo allura kowa ya miƙa hannu ko ya yi ta baya. Ku haɗa da abin da ake yi wa mai jijjiga, don zai yi amfani har a maganar tramol: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kuma a kai shi likita, da gudu in ta wuce minti 5.

Bazara ta ido ce da zawo. Amodari ya daɗe yana makanta mutane a jihar nan; ƙuda da yatsu da tsumma ɗaya ne ke ɗaukar shi daga kwantsar wani zuwa idon wani, ƙudan kuma a kashin da aka bari a fili yake hayayyafa. Duba fuska da safe a layi, wanda ke da kwantsa ko majina ya je bido ya dawo, ba tsawa ba dariya. Ruwan gishiri da sukari na mai zawo kuwa kowane ɗan CM (aji biyar da shida) ya haɗa shi da hannunsa sau ɗaya a aji: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan gishiri, wanda ke ƙara wa yaro illa. In ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. Na fakiti ya fi, fakiti ɗaya ga lita ɗaya, ba rabi-rabi ba, abin da ya kwana ya yini a zubar. Waɗannan yaran su ke goyon ƙannensu, su za su fara ganin ido ya faɗa.

Yanzu tramol, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a tara makaranta, a fito da yaran biyu, a zane su, a kira jami'i ya ba da tsoro. An gwada wannan hanya a wurare da yawa. A Amurka an yi shekaru ana tura ƴan sanda azuzuwa ƙarƙashin shirin DARE da aka fara a 1983, da aka bi diddigin ɗaliban sai aka tarar bambancinsu da waɗanda ba a yi wa ba kaɗan ne ko babu. Dalili a fili yake. Ka ce wa yaro duk wanda ya sha zai haukace, shi kuwa ya san ɗan kabu-kabu da mai buga bulo da ke sha kullum suna aikinsu. Daga ranar ya daina yarda da kai, har a kan abin da ka faɗa daidai.

Gaya musu gaskiya da tsarinta. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin maganin da ake ba wanda aka yi wa aiki. Yana danne ciwo da gajiya, shi ya sa mai aikin ƙarfi ke jin kamar ya ƙaru, alhali jikin yana gajiya, ji ne kawai ya ɗauke. Babban mutum a hannun likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, yaro ƙasa da shekara 12 kuwa ba a ba shi. Na farmasi galibi 50 ne ko 100. Na tebur ana samun mai 200 da 225 da 250, kuma ba mai tabbacin abin da ke ciki. A sa su yi lissafin a allo: biyu na 225 sun haura iyakar babban mutum. Abin da ke biyo baya shi ne faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, ko a kan babur, ko a bakin rijiya, da numfashi da ke raguwa in an haɗa da wasu ƙwayoyi. Jiki yana sabawa, ɗaya ta daina isa, ranar da babu kuma sai zufa da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci, har mutum ya koma sha don kawai ya ji daidai. Shisha ma a taɓo maganarta: ruwan tulun ba ya tace gubar hayaƙi, gawayin kuma nasa gubar yake ƙarawa. Kada a kawo ƙwayoyin aji a nuna, kada a faɗi farashi ko inda ake samu, kuma a yi hattara da gayyatar tsohon mashayi, don labarinsa yakan fi daɗin ji a wajen bajinta.

Samari sukan zaci masu sha sun fi yadda suke yawa, wannan zato kuma shi kansa yana jan su. Tambayi ƴan CM2, cikin tsararrakinsu goma nawa ne suka taɓa sha, a rubuta hasashensu, sannan a yi ƙidayar ƙwarya a asirce. Galibi adadin gaskiya yakan fito ƙasa da zato, kuma yaro ya ga cewa masu ƙi su ne jama'a.

Sai atisayen baki, wanda shi ne zuciyar darasin. Yara biyu-biyu, ɗaya ya matsa: "Kai, sha ɗaya mana, ko kai ba namiji ba ne?" Ɗaya ya amsa a taƙaice ya tashi: "Bar ni, cikina ba ya ɗauka." "Baba na jirana a shago." "Ni ƙwallo nake, ba na haɗawa." A sauya, a maimaita, a ƙara matsi, har amsar ta riƙa fita ba tunani. Malami kada ya rubuta musu jawabi mai tsawo, ba wanda ke wa'azi a fada yana ɗan shekara 13. Su san kuma cewa ana narkar da tramol a shayi ko kofi, don haka abin da ba a zuba a gabanka ba, kana iya cewa ka ƙoshi.

Yaran nan biyu, a gana da kowanne shi kaɗai. A binciki ko sha yake ko aike ne, tun yaushe, wa ke ba shi, yana aikin ƙarfi bayan makaranta ko a'a. A kira uba ko wanda yaron ke jin nauyinsa, a kai shi wajen majo. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ba. Kora daga makaranta tana miƙa shi ne ga wanda ya sayar masa, yini guda cur.

Maganar haila a yi ta tun CM1, kafin ta zo, a ajin mata zalla, da malama ko wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata. Abin da za a faɗa a fara nuna wa CGDES da limamin unguwa, kada su ji shi a bakin yara a karkace. A koya musu sauya ƙyalle duk awa 4 zuwa 6, wanke shi da sabulu, da shanya shi a rana ko da an lulluɓa wani mayafi a kai, don wanda aka ɓoye ƙarƙashin katifa da danshi yana kawo ƙaiƙayi. A ofis a ajiye zane ɗaya da audugar mata. Salgar mata ta samu ƙofa mai sakata da buta, in ba haka ba duk wata za ka ga gurbi a rajista ba ka san dalili ba. Kowace yarinya kuma ta san sunan macen da za ta gaya wa in wani, ko malami ne, ya matsa mata.

Gwamnatin makaranta, wadda ɗalibai ke riƙe muƙamanta, tana da amfani in ministan tsafta yana da aiki na gaske: cika bido, haɗa ruwan omo, duba salga, da ƴan taimako da ake sauyawa duk mako, maza da mata daidai. Sharaɗi ɗaya, wankin salga kada ya taɓa zama horo. Ranar da aka tura mai laifi ya wanke ta, an koya wa makaranta duka cewa tsafta wulaƙanci ce. Malamai kuma su wanke hannu a bidon da yara ke gani, mai shan sigari ya bari sai ya bar harabar.

Don sanin ko abin yana ci, kada ka duba makin jarrabawa. Sau ɗaya a wata ka tsaya nesa da salga lokacin hutu, ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga cikin yara 20 da suka fito nawa suka tsaya a bido. Ka duba gora nawa ta ruwan omo ke ƙarewa a mako. In ba ta raguwa, ba a wankewa. A rajista a ƙara gurbi na dalilin rashin zuwa: zazzaɓi, ciki, ido, wani abu. Ƙidayar ƙwarya ta tsargiya a maimaita ta kowace shekara a wata ɗaya. In za ka kwatanta, ka gwada Nuwamban bana da Nuwamban baɗi, ba Nuwamba da Fabrairu ba, don masassara da kanta take sauka in sanyi ya shigo, kada ka ɗauka aikinku ne ya sauke ta.